Ɗaurin Akuya a Gidan Mama Nora

Duk wanda ya tambaye ni abin da na samo a ƙasar Ayilan, nakan nuna masa takardar shaidar karatun da ke rataye a falo, ya yi min barka, mu wuce wurin. Labarin karen kuwa ban cika bayar da shi ba. Sau biyu na gwada, sau biyun ana yi min dariya. Yayata har cewa ta yi, "Hajara, don kare muryarki take rawa haka?" To, don kare ne. Yau dai zan rubuta shi, mai dariya ya yi abarsa, ni na san abin da hannuna ya aikata.

A ƙarshen watan Agusta na sauka Dublin, babban birnin ƙasar, da akwati guda da ƙullin riɗin da Inna ta soya min. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara tara a wani asibiti a Lafia kafin in samu gurbin ƙaro karatu. 'Ya'yana biyu na bar su wajen Inna, mahaifiyata, a gidanmu na unguwar Bukan Sidi a Lafia, tunda babansu yana Doma wajen gona, sai ƙarshen mako yake dawowa.

Tarbar farko da ƙasar ta yi min, ɗan ƙasarmu ne ya shirya ta. Tun ina gida muka haɗu ta waya, ya ce yana da ɗaki, ya turo hotuna har da labule mai furanni, ni kuma na aika masa kuɗin da ya nema. Da na isa adireshin sai na tarar da shagon aski. Mai shagon ya dubi takardar da ke hannuna, ya dubi akwatina, ya girgiza kai, ya ce ni ce ta uku a wannan watan. Na kira lambar, a kashe. Ana yayyafi, irin yayyafinsu da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki, na tsaya a bakin titi ina cin riɗi saboda ban san abin da zan yi da bakina ba.

Kwana huɗu na yi a wani masaukin matafiya, mu takwas a ɗaki, gado bisa gado. A rana ta biyar ina cikin bas, ina gaya wa Inna ta waya cewa komai lafiya lau, ɗaki ya yi kyau, sai na ji an taɓa kafaɗata. Wata mata ce baƙa, kakkaura, da rigar aikin asibiti a ƙarƙashin rigar sanyi.

"Sista, abeg, kai mutumin Lafia ne?" in ji ta.

Na ce ya aka yi ta sani.

"Wannan Hausa naka na kasuwan Lafia ne mana. Ni Dooshima. Babana yana noma doya ta wajen Doma. Kuma ƙarya kake ma Mama naka. Mutum da ɗaki nashi ya yi kyau ba ya yawo da akwati cikin bas."

Nan take na fashe da kuka a gaban Turawa. Mako biyu na kwana a kan kujerar falonta, tana dafa mana sakwara da garin doya na kwali, tana zaginsa tana ci. Ita ce ta samo min wurin zama. Ta ce akwai wata tsohuwa a wani ƙaramin gari, tafiyar minti arba'in a jirgin ƙasa, tana neman wadda za ta zauna da ita, ta riƙa taimaka mata da cefane da hawa bene.

"Amma akwai kare fa," in ji Dooshima. "Cikin gida yake kwana. Za ka iya?"

Na ce babu komai. A halin da nake ciki ko kura aka ce tana gidan, abin da zan ce ke nan.

Sunan tsohuwar Nora, ta haura tamanin, 'yar siririya mai farin gashi, gwiwarta ta dama tana ba ta wahala. Ta ce in kira ta Nora kawai. Na ce bakina ba zai iya kiran sunan sa'ar kakata gatsau ba, muka daidaita a kan Mama Nora. Ɗanta guda yana can wata ƙasa mai nisa, sai dai waya. Mijinta, Tom, ya rasu shekara huɗu kafin zuwana. Abin da ya bar mata mai numfashi a gidan shi ne wani ɗan kare ja mai gashi buzu-buzu, kunnuwa a zube, baki ya fara furfura. Sunansa Biskit. Da na ji sunan sai da na juya baya na yi dariya. A wuyansa akwai abin wuya na fata mai ɗan faranti na tagulla, wanda Tom ya zana sunan karen da lambar gidan a kai da hannunsa.

Ni a inda na tashi, wurin kare waje ne. Karen maƙwabciyarmu Maman Blessing a gindin mangwaro yake kwana, ruwa da rana, ya ci ƙanzo da ƙashin kifi, bai taɓa ganin likita ba, kuma ƙato ne. Wannan kuwa yana da gadonsa, yana da kwanonsa, yana da rigar ruwa. Mama Nora takan zauna ta ba shi labarin abin da aka faɗa a rediyo, shi kuma ya karkata kai kamar ya gane. Idan ya nufo ni sai in tattare zanina in maƙale jikin bango.

Ba a yi kwana uku ba ta lura. Ta tambaye ni, na yi mata bayanin sallah da tsarkin tufa da wuri, ina ta kame-kame don kada ta ji haushi. Washegari na dawo daga makaranta na same ta zaune a kan kujera tana haki, ta kwashe kayan kamun kifin Tom daga wani ɗan ɗaki da ke can bayan gida, ta share, ta goge da gwiwar nan tata. Ta ce, "Wannan ɗakin sallarki ne. Biskit ba zai shiga ba." Kuma ta koya masa. In na shiga sai ya zo bakin ƙofa ya kwanta, hancinsa daidai kan dokin ƙofa, bai taɓa ƙetarewa ba.

Haka muka zauna. Ta saƙa min safar hannu, na dafa mata faten doya ta ci tana tari tana cewa in ƙara. Ranakun da kewar yara ta taso min, takan haɗa shayi ta zauna kusa da ni ba tare da ta tambaye ni komai ba. Ni da Biskit kuma muka yi sulhu irin na maƙwabtan da ba sa gaisawa. Ya koyi "wuce" da "tafi can" da Hausa. Duk yamma yana jirana a bakin ƙofa yana kaɗa jela, ni kuma in ratse shi in wuce.

Da Oktoba ta kama sai gari ya sauya. Shaguna suka cika da ƙwarangwal na roba da yanar gizo-gizo ta ƙarya. Kowace ƙofar gida an ajiye kabewa, an ƙwaƙule cikinta, an yanka mata idanu da haƙora. Na riƙa tsayawa ina kallon kabewar da za ta yi wa unguwa guda miyar taushe an bar ta tana ruɓewa a waje. Mama Nora ta ce bikin Halowin ne, ranar ƙarshe ta wata. Yara za su yi shigar dodanni su bi gida-gida, a ba su alawa. Na ce ai tashe ke nan, mu ma muna da shi da azumi. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce shekara hamsin ba ta taɓa rufe wa yaran unguwar ƙofa ba.

Sai ga takarda daga asibiti, an sa mata ranar aikin gwiwa ana gobe bikin, za ta kwana uku a can. Ta zaunar da ni a kicin da takarda da biro. Ta ce ranar nan ita ce mafi muni a shekarar Biskit. Ban da ƙwanƙwasa ƙofa da fuskokin ban tsoro, samari suna harba wasan wuta, irin nokawut ɗinmu na Kirsimeti amma ya fi ƙara. Bara a ƙarƙashin gado ya shige yana karkarwa, har ya yi fitsari a wurin. Ta rubuta min komai. In fita da shi ya zaga tun da rana. Cakulan guba ce ga kare, in ajiye kwanon alawa a saman firij. Kada in kunna kyandir a ƙasa. Kada in cire masa abin wuya. Sannan ta ajiye biron ta dube ni.

"Abu na ƙarshe ne mai nauyi," in ji ta. "Ɗakin bayan nan shi kaɗai ne ba shi da taga ta titi, bangonsa kuma mai kauri ne. Nan nake sa shi, in ja labule, in kunna rediyo. Na san yanzu ɗakin sallarki ne. Yamma ɗaya ce kawai. Amma idan ba zai yiwu ba, Hajara, ki gaya min, sai in kai shi wajen likitan dabbobi ya kwana can, ko da yake ya tsani wurin."

Na ce, "Babu komai, Mama."

Wallahi tun kafin maganar ta gama fita daga bakina na san ba zan yi ba. Amma mu haka aka rene mu. Babba ba ya roƙonka abu ka dubi idonsa ka ce a'a. Sai ka ce to, daga baya ka yi abin da ya sauwaƙa, shi ma ya san haka, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ban tsaya na yi tunanin cewa ita ba ta san wannan tsarin ba. Ta kama hannuna ta gode, ta manna takardar a jikin firij.

Ranar bikin na bi takardar layi-layi. Na fita da shi da la'asar, na riƙe igiyar da ɗan yatsa biyu. Na ɗora alawa a saman firij. Da na zo layin ƙarshe sai na tsaya a bakin ɗakin, na dubi dardumata, na dubi Biskit. Na ce a raina, kare ne fa. Na Maman Blessing yana kwana waje da tsawa da aradu, me ya same shi? Wannan lalata shi kawai aka yi da gata. Na yanko igiyar shanya, na fita da shi lambun baya, na ɗaure gefe ɗaya a ƙarfen shanya, ɗayan a zoben abin wuyansa. Ɗaurin akuya na yi masa, wanda babanmu ya koya mana a ƙauyenmu Arikya, irin wanda in dabba ta ja sai ya ƙara tamkewa. Na shimfiɗa masa bargo, na ajiye ruwa da abinci. Har yaba wa kaina na yi, na ce ko a gida ba a yi wa kare wannan hidimar.

Da magariba yara suka fara zuwa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yammar nan fiye da kowace rana tun zuwana. Ga mayu, ga fatalwa cikin zanin gado, ga wata 'yar mitsitsiya da aka yi wa shigar kabewa tana tafiya tana tangaɗi. Na buɗe ƙofa wangale kamar ranar sallah, ina cika musu jaka, ina tuna nawa 'ya'yan. Sai aka fara harbin. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Daga bayan gida na ji Biskit yana haushi, daga haushi ya koma wani irin kuka siriri, kamar na jariri. Na ji shi sarai. Na ce zai saba.

Na shiga ɗakina mai tsarki na yi isha'i, kukan yana shigo min ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin in sallame sai ya yi shiru. Abin da ya fi damuna har yau shi ne daɗin da na ji da wannan shirun. Na ce ka gani, ya haƙura.

Wajen ƙarfe takwas na fita in shigo da shi. Igiya tana nan, ɗaurina yana nan daram, abin wuya yana kwance a kan ciyawa a ɗaure yadda yake. Ya ja ne har ya zare kansa. Ciyawar gindin ƙarfen duk ya tone ta da farce, kwanon ruwa a kife, a ƙarƙashin shingen katako kuma ga wani ɗan rami da gashi ja a maƙale. Na kwance igiyar daga ƙarfen, na dunƙule ta tare da abin wuyan na cusa a aljihun rigar sanyi, ban ma san dalilin da ya sa na yi hakan ba a lokacin.

Na bi titi ina kiran sunansa a cikin mutane masu fuskokin gawa da ƙahonni, sama tana ta fashewa. Maƙwabta biyu suka fito da tocila. Ɗayansu ya tambaye ni yadda aka yi ya fita. Na buɗe baki sai na ji na ce, "Ta ƙofar gaba ya kuɓuce, lokacin da yara suka zo." Suka ce ayya, haka kan faru kowace shekara, kada in damu. Ƙaryar ta zauna daidai kamar an auna ta. Ba mu gan shi ba.

Gari na wayewa Dooshima ta iso da motarta, daga wurin aiki kai tsaye. A cikin motar na ciro abin wuyan na nuna mata, na gaya mata gaskiya. Ta daɗe tana kallon ɗaurin.

"Kai, Hajara. Ka ɗaura shi kaman akuya na Arikya," in ji ta. "Ni ba zan faɗa ma tsohuwa ba. Magana naka ne. Yanzu ina ne karen ya sani a garin nan?"

Na tuna duk Lahadi Mama Nora takan tafi da shi kabarin Tom. Muka bi hanyar maƙabarta a hankali. Dab da ƙofar, a cikin lambatun gefen titi, na hango abu ja a cikin ganyaye. Mota ce ta buge shi. Ƙafarsa ta baya ta hagu ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa, jikinsa sharkaf da ruwa da jini. Na tsaya a kansa. Ya ɗaga ido ya gan ni, sai ya kaɗa jela. Ni ɗin da na ɗaure shi.

"Ɗauke shi mana, ni zan tuƙa," in ji Dooshima.

Mako shida ina gidan ban taɓa shi ko da yatsa ba. Na cire hijabina, na bar ɗankwali, na naɗe shi a ciki na rungume. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Duk tsawon hanya yana lasar wuyan hannuna, ban janye ba.

Likitar dabbobi ta ce zai rayu, amma ƙafar sai an cire, kuma sai mai shi ta amince. Na kira Mama Nora a gadon asibiti, muryarta duk magani. Nan ne wurin da ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na maimaita mata abin da na gaya wa maƙwabta, har na ƙara cewa na fito da shi ne daga ɗakin ya sha ruwa. Sai ta ce, "Laifina ne. Na bar ki da kare da ƙofa da yara, ke kaɗai, baƙuwa. Ki ce su yi aikin. Na gode da kika nemo min shi."

Ta dawo da ƙarfen dogarawa, shi ya dawo da ƙafa uku, na zama mai jinyar guragu biyu. Na wanke masa ciwo, na ba shi magani a cikin nama, na riƙa ɗaukarsa zuwa lambu. Unguwa ta ɗauka, ana nuna ni a shago, ga 'yar Afirkar da ta cire mayafinta ta ceci kare. Wata mata har kek ta kawo min. Duk yabon da aka yi min sai ya ƙara tuna min ƙaryata. Ƙasan gidan katako ne, kuma da can na saba da sautin tafiyarsa ba tare da na lura ba. Yanzu sai in ji taku uku, sai gurbi, taku uku, sai gurbi. Ina karatu ina jin gurbin nan, ina sallah ina jin sa.

Abin wuyan yana can ƙasan akwatina, cikin ledar da riɗin Inna ya zo a ciki. Wata rana Mama Nora ta ce, "Farantin nan Tom ne ya zana shi. Wataƙila ya faɗi a hanyar maƙabarta. Ko za ki duba min?" Na sa rigar sanyi na fita, na yi awa guda ina zagaya gari a cikin iska, na dawo na ce ban gani ba. Ta ce Allah sarki, na sha sanyi, ta haɗa min shayi. Na sha shayin nan, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Shekara ta zagayo. Na gama karatu, saura mako uku in koma gida, kabewa ta sake fitowa a ƙofofi. Muna kicin na tambaye ta ko in sayo alawa. Ta ce a'a. Ta ce bana za ta kashe fitilar waje ta rufe ƙofa, ba za ta sake buɗe wa kowa ba, tunda ƙofar nan ce ta cinye ƙafar Biskit. Ta faɗa tana kallon hannayenta, matar da ta yi shekara hamsin tana jiran yaran nan.

Na tashi na hau bene, na buɗe akwati, na sauko na ajiye abin wuyan a gabanta, da igiyar shanya a jikinsa. Na durƙusa a ƙasa kamar yadda ake yi a gida, na faɗa mata komai, tun daga "babu komai" har zuwa awa gudan da na yi ina yawon ƙarya. Ba ta katse ni ba. Ta ɗauki abin wuyan, ta shafa farantin da babban yatsa, ta gwada kwance ɗaurin, ya ƙi.

"Na ba ki hanya, Hajara," in ji ta a hankali. "Na ce in ba zai yiwu ba ki faɗa. A'a kawai nake buƙata."

Na ce a wurinmu ba a ce wa babba a'a, rashin kunya ne.

Ta ce, "Ni kuma da to ɗinki na shiga ɗakin tiyata. Da shi na yi barci. Shekara guda ina kwana ina tashi da cewa ni na jawo masa. Kina gani, kina kawo min magani."

Kwana biyu ba ta yi min magana ba sai abin da ya zama dole. Ranar bikin da la'asar na ji tana jan kujera zuwa bakin ƙofa, na leƙo na ga kwanon alawa a cinyarta, ta aiki maƙwabciya ta sayo. Ban jira an gaya min ba. Na naɗe dardumata na ɗora a kan wata 'yar kanta, na ja labule, na kunna rediyo, na kira Biskit. Ya zo bakin ɗakin ya tsaya, hancinsa a kan dokin ƙofa, kamar yadda aka koya masa. Sai da na ɗauke shi na shigar da shi. Da aka fara harbi ya cusa kansa a ƙarƙashin hannuna, muka zauna a ƙasa ni da shi har aka gama.

Ranar da zan tafi, Dooshima tana jira a mota, Mama Nora ta miƙo min abin wuyan. Ta ce ta gwada, maƙwabci ya gwada, kuma ba ta son a sa wuƙa. "Ke kika ɗaura, ke za ki kwance." Ɗaurin akuya yana da wani ɗan baki da ake turawa baya, in ka san shi ba ya ɗaukar lokaci. Na kwance, ta sunkuya da ƙyar ta mayar wa Biskit abinsa a wuya. Na ce, "Mama, ki yafe min." Ta gyara min wuyan rigar sanyi, ta ce, "Ina ƙoƙari. Ki gaida yaran." Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ban cancanci fiye da haka ba.

Na dawo Lafia a watan Nuwamba. Da Disamba ta yi nisa yaran unguwa suka fara harba nokawut, kamar kowace shekara tun ina ƙarama. Ana gobe Kirsimeti, bayan magariba, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji kukan nan siriri daga bayan katanga. Shekara nawa ina jin sa a Bukan Sidi, ban taɓa sanin kukan tsoro ne ba. Na ajiye rariya na zaga. Karen Maman Blessing yana ɗaure a gindin mangwaro, yana ja da baya da dukkan ƙarfinsa, igiya ta shaƙe shi, ƙasa duk ya tone ta.

"Maman Blessing, ba ni aron karenki zuwa anjima," na ce.

"Anti Nas, lafiya? Kai da kare?" in ji ta, don haka suke kirana a unguwa saboda aikin jinya. "Ɗauka mana. Haka yake yi kowane Kirsimeti, ba ya jin magana."

Na kwance shi na jawo shi gidanmu, na nufi ɗakin ajiyar hatsi da ke bayan kicin, wanda ba shi da taga. Inna tana zaune a kan tabarma da carbinta. Ta miƙe tsaye.

"Hajara, me nake gani? Fitar min da wannan abin daga gidan nan."

Bakina ya riga ya shirya "to", na ji ta a kan harshena. Na durƙusa, igiyar tana hannuna, na ce, "A'a, Inna. Ki yi haƙuri. Sai an gama harbin nan. Ni zan wanke wurin."

Tun da ta haife ni ba ta taɓa jin wannan kalmar daga bakina ba. Ta kalle ni, ta kalli karen da ke karkarwa a bayana, ta koma ta zauna. Ta ce, "To ki rufe ƙofar, kada ya shigo min ɗaki."

Na rufe, na kunna rediyon wayata, na zauna a kan buhun masara. Ya matso ya jingina da ƙafata, jikinsa duk yana rawa. A cikin ɗan hasken wayar na sa hannu na ƙirga ƙafafunsa. Huɗu ne.